Toshe Tallan Intanet a Gida Gaba Ɗaya: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini a Zango

Shekaru ke nan ina haɗa wa mutane waifai a unguwannin Nima da Maamobi da Sabon Zango da ke Akra, babban birnin Gana, wani lokaci har Madina da Ashaiman. Da can kukan da ake kirana a kansa guda ne: sigina ba ta kaiwa ɗakin baya. Yanzu kuka ya sauya. Uwa za ta miƙo mini wayar ɗanta mai shekara tara, yana tsakiyar wasan tseren mota sai ga tallan caca ya rufe fuskar wayar. Dattijo zai buɗe manhajar lokutan salla, sai hoton da bai kamata ba ya faɗo a ƙarƙashin lokacin Azahar. Tambayoyin nan su ne waɗanda nake ta nanata amsarsu a bakin shago da cikin zaure, shi ya sa na tara su wuri ɗaya. Na fara da masu sauƙi. Wanda ya riga ya san kan abin yana iya gangarawa ƙasa.

Malam, wai me ake nufi da toshe talla a gida gaba ɗaya? Ai ina da manhajar toshe talla a wayata.

Manhajar da ke wayarka, wayarka kaɗai take karewa, sau da yawa ma burauza ɗaya tak a cikinta. Wayar uwargida da ta yara da talabijin ɗin falo mai shiga intanet, kowa yana can yana shan tallansa. Abin da muke magana a kai shi ne a tare talla tun daga bakin ƙofa, wato wurin rauta, inda kowace na'ura take bi kafin ta fita waje. In an gyara can, baƙon da ya sauka daga Kumasi aka ba shi lambar waifai, shi ma ya shiga inuwar ba tare da an girka masa komai ba.

To yaya abin yake aiki?

Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. In ka rubuta sunan shafi, wayarka takan fara tambayar wata uwar garke: wannan suna mece ce lambarsa? Tsarin nan shi ake kira DNS. Paul Mockapetris ne ya tsara shi a 1983, kuma har yau duk wani buɗe shafi da shi yake farawa. Ka kwatanta shi da mai kantin bakin lungu a Nima. Baƙo ba ya gane gidaje, sai ya tsaya ya ce, "Baba, ina gidan wane?" a nuna masa.

Shafi guda kuwa ba daga gida guda yake fitowa ba. Labarin yana zuwa daga wurin masu jarida, tallan yana zuwa daga wani kamfani dabam mai nasa suna, kamar doubleclick.net na Google, ga kuma masu bin sawu da ke ƙirga duk abin da ka taɓa. Kowanne sai waya ta tambayi lambarsa. Mu sai mu ajiye namu mai kantin a cikin gida, mu miƙa masa jerin sunayen da ba ma so. In an tambaye shi gidan labari, ya nuna. In an tambaye shi gidan talla, ya ba da 0.0.0.0, lambar da ba ta kai ko'ina. Wayar ba ta je ba balle ta ɗauko, sai gurbin tallan ya zauna fayau.

Ka riƙe wannan da kyau, domin yawancin amsoshin da ke ƙasa daga nan suka fito: sunan gida kawai mai kantin yake ji, abin da ke cikin gidan bai gani ba.

Zai rage mini cin data? Bandil ɗina ba ya kai ƙarshen wata.

Zai rage, amma kada ka sa rai da yawa. Nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Za ka buɗe shafin kula da na'urar da ke toshe tallan ka ga ta rubuta, misali, an toshe kashi 20 cikin 100, ka ɗauka kashi 20 na datarka ya dawo aljihu. Tambayoyin suna ta ƙirga, ba nauyin abin da aka sauke ba. Talabijin guda yana iya tambayar sunan da aka toshe sau dubu a yini, ya kumbura lissafin, alhali datar da aka tsira da ita ba ta taka kara ta karya ba.

Abin da ke cinye bandil shi ne bidiyo: TikTok, YouTube, kiran bidiyo, da sabunta manhajoji cikin dare. Inda za ka ga bambanci na gaske shi ne wasannin waya masu cusa tallan bidiyo duk bayan minti biyu, da shafukan labarai da ke buɗewa da sauri a tsohuwar waya. In data ce kaɗai damuwarka, rage ingancin bidiyo zuwa 480p ya fi wannan duka amfani. Ni dalilin da nake girka wa mutane shi ne yara da tsofaffi.

Zai cire tallan YouTube da Facebook da TikTok?

A'a. Duk wanda ya ce maka zai cire, yana neman kuɗinka ne. Waɗannan kamfanoni suna turo tallansu daga sunayen da suke turo bidiyon kansa. In ka rufe gidan da tallan YouTube yake fitowa, ka rufe wa'azin da kake kallo tare da shi. Haka Instagram yake.

Maganin wannan yana cikin burauza, domin ita tana ganin cikin shafi. A kwamfuta da wayar Android, Firefox tare da ƙarin toshe talla mai suna uBlock Origin, wanda Raymond Hill ya fara a 2014, yana aiki sosai, haka ma burauzar Brave. Chrome kam ya sauya ƙa'idojinsa har cikakken uBlock Origin ya daina aiki a cikinsa. Su biyun abokan juna ne: na gida ya tare wa kowa abin da zai iya, na burauza ya kwashe saura.

Ni fa ban san kan kwamfuta ba. Akwai hanyar da ba sai na sayi komai ba?

Akwai, Hajiya, kuma da ita nake so kowa ya fara. In wayarki Android 9 ce ko wadda ta biyo baya, shiga Settings, ki rubuta Private DNS a wurin bincike, ki zaɓi gurbin rubuta suna, ki sa dns.adguard-dns.com, ki adana. Shi ke nan. Wannan saiti yana bin wayar duk inda ta je, ko kan waifai ko kan datar MTN ko Telecel ko AT. Ta yara kuwa a sa mata family.adguard-dns.com, wanda ke haɗa talla da shafukan batsa ya toshe. Masu iPhone sukan sauke fayil ɗin saiti daga shafin AdGuard DNS, tun daga iOS 14 ake iya yi.

Don gida gaba ɗaya, a shiga saitin rauta, a nemi gurbin DNS, a rubuta 94.140.14.14 da 94.140.15.15. Na iyali kuma 94.140.14.15 da 94.140.15.16. Adireshin shiga rauta yana rubuce a bayanta, galibi 192.168.8.1 ko 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. In gurbin babu, duba amsar da ta yi magana kan rautar kamfani.

In haka ne, me ya sa wasu suke wahalar girka Pi-hole?

Pi-hole manhaja ce da ake girkawa a ƙaramar na'ura a gida, ta zama mai kantin nan namu da ke toshe sunayen talla. Ana wahalar ne saboda iko. Da hanyar da ta gabata, jerin wani ne yake aiki a gidanka. In ya toshe abin da kake bukata, ba ka da yadda za ka buɗe. Da na'urarka kuwa kai ke ƙarawa kai ke cirewa, kana kuma iya bambanta wayar yaro da ta babba.

Pi-hole kyauta ne, Jacob Salmela ya fara shi a Amurka a 2014, sigarsa ta 6 ta fito a Fabrairun 2025. AdGuard Home shi ma kyauta ne, ana girka shi a gida kamar wancan, kuma ya fi sauƙi ga iyaye, domin yana da maɓallan da za ka danna ka rufe manhaja sukutum ko ka tsaurara binciken Google da YouTube. Tsakaninsu akwai NextDNS, wanda ba ya bukatar na'ura a gida: asusu kake buɗewa ka tsara jerinka a can. Yana ba da tambaya 300,000 kyauta a wata, in sun ƙare ya ci gaba da amsawa ba tare da toshewa ba. Gidan yawa yakan cinye wannan adadi kafin wata ya raba.

Wace na'ura zan saya?

Ƙaramar kwamfuta ce ake bukata wadda za ta kwana ta wuni a kunne. Pi-hole yana wadatuwa da RAM mai 512MB da sararin ajiya kamar 4GB. Shi ya sa aka fi amfani da Raspberry Pi, kwamfutar nan mai girman tafin hannu da aka fara sayarwa a Ingila a 2012. Pi 3 ko Pi 4 na fi so, saboda suna da ramin kebul. Pi Zero 2 W ya fi araha kuma yana aiki, sai dai waifai kawai yake da shi, a gidan da bango ya yi yawa kuwa hakan yakan jawo tsaiko.

Kafin ka nufi kasuwar Circle neman sabo, duba ɗaki. Tsohuwar laftof da fuskarta ta fashe tana yin aikin nan daidai in an sa mata Debian ko Ubuntu, ga batirinta kuma zai riƙe ta in an ɗauke wuta. In Pi ka saya, kada ka yi rowar caja da katin memori. Matsalolin da aka fi kirana a kansu, in na bi diddigi, cajar banza ce ko katin jabu. Wutar da Pi yake ci kaɗan ce: in yana jan wat 3, yunit biyu da ɗan kai ke nan a wata a mitar kamfanin wuta na ECG.

Yaya ake girkawa, a taƙaice?

Da farko a sa Raspberry Pi OS Lite a katin memori ta manhajar Raspberry Pi Imager, a jona Pi da rauta ta kebul. Na biyu, kuma shi mutane suka fi tsallakewa, a ba shi adireshi na dindindin a cikin rauta, misali 192.168.8.2, don kada gobe ya farka da wata lamba gida ya neme shi ya rasa. Sannan a buga umarnin girkawa: curl -sSL https://install.pi-hole.net | bash

Zai tambaye ka wa zai riƙa miƙa wa tambayoyin da bai toshe ba. Cloudflare yana 1.1.1.1, Google yana 8.8.8.8, Quad9 yana 9.9.9.9, shi kuma yana ƙara toshe sunayen da aka san suna yaɗa cutar kwamfuta. Ni Quad9 nake zaɓa wa gidajen da akwai tsofaffi. Daga nan a koma rauta, a sashen DHCP mai raba wa na'urori adireshi, a sa adireshin Pi a gurbin DNS, a kashe waifai na kowace waya a sake kunnawa. Shafin kula yana pi.hole/admin. A sa masa kalmar sirri mai ƙarfi tun ranar farko.

Rautar da kamfani ya ba ni ba ta da wurin canza DNS. Na makale ke nan?

Ba ka makale ba. Yawancin rautocin 4G masu cin sim, da wasu na faiba, an ɓoye musu wannan gurbi. In rautar tana barin a kashe DHCP, wato aikin raba wa na'urori adireshi, kashe shi ka kunna na Pi-hole. Daga nan Pi ne zai riƙa raba adireshi, yana kuma gaya wa kowace waya ta tambaye shi. Kada ka bar biyun a kunne lokaci guda, gida zai rikice.

In ba ta bari, sayi rauta ta biyu mai araha, ka jona ta da ta kamfanin ta kebul, ka kashe waifai na ta farko, kowa ya koma kan sabuwar. Wannan ita ce hanyar da na fi bi, domin ko ka sauya kamfani gobe, saitinka yana nan. Mai ƙaramar MiFi ta aljihu kuma, wadda ba ta da ramin kebul, kada ya wahalar da kansa. Ya koma amsar Private DNS da ke sama.

In aka ɗauke wuta fa?

Wannan tambaya tamu ce, mu da muka san dumso, wato yawan ɗauke wuta. In wuta ta tafi rauta da Pi suka mutu tare, ba komai, za su tashi tare in ta dawo, a ba su minti biyu. Matsala tana zuwa ne in rautar tana da batiri ko tana kan ƙaramin UPS, shi Pi yana jone da bango. Waifai cike, data na nan, amma babu shafin da ke buɗewa, domin mai amsa tambaya ya mutu. Rijiya ta ba da ruwa guga ya hana. Ka sa su a kan madogarar wuta guda. In fawabank za ka yi amfani da shi, gwada shi tukuna: wasu suna yanke wuta na ɗan ƙiftawa duk lokacin da aka ɗauke ko aka dawo, wannan kuwa ya isa ya kashe Pi.

Yawan mutuwa ba shiri yana lalata katin memori. Akwai ranar da na je wani gida a Maamobi bayan ruwan sama na watan Yuni, na tarar katin ya tafi da saitin wata takwas, muka faro daga tushe har Isha. Tun daga nan duk wanda na girka wa sai na shiga Teleporter a cikin saitin Pi-hole, na sauke kwafin saitinsa na ajiye masa a waya, na kuma bar masa katin ko-ta-kwana a cikin ambulan.

To in sa 8.8.8.8 a gurbi na biyu mana, don in Pi ya mutu ya karɓa?

Da haka yake aiki da ya yi daɗi. Waya da kwamfuta ba sa ɗaukar gurbi na biyu a matsayin mai jiran gado. Suna iya tambayar duk wanda suka ga dama cikin biyun a kowane lokaci, sai ka ga talla yau babu, gobe akwai. Bar gurbin fayau, ko ka maimaita adireshin Pi. In lallai kana son majingina, sa Pi na biyu, ko ka sa 94.140.14.14 wanda shi ma yana toshe talla, da sanin cewa jerinka na musamman ba zai hau kan tambayoyin da suka bi ta can ba.

Na gama komai, amma wata waya har yanzu tana nuna talla.

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Fara da mai sauƙi: wayar a kan waifai take kuwa, ko ta koma datar sim? In tana kan waifai, duba ko akwai VPN a kunne, samari da yawa suna da shi, kuma yana tsallake komai. Duba Private DNS: in an rubuta wani suna a can, wayar ba ta tambayar Pi ko kaɗan, sai a mai da shi Automatic ko Off. A Chrome akwai Use secure DNS, a iPhone akwai iCloud Private Relay, su ma suna iya tsallake Pi.

In duk wannan lafiya, saura IPv6, sabon tsarin adireshin intanet. Wasu rautoci suna raba DNS nasu ta wannan hanya ko da ka gyara na IPv4, sai wayoyi su bi can. Ko ka gyara shi ma, ko ka kashe IPv6 a cikin gida. Akwai kuma na'urori irin Chromecast da aka dasa wa 8.8.8.8 tun daga masana'anta. Waɗannan sai rautar da ke iya tare ƙofa ta 53, wadda tambayoyin DNS suke bi, ta tilasta su. In kuwa tallan cikin YouTube ne, an riga an amsa a sama.

Wani shafi ya daina buɗewa. Zai taɓa MoMo ko manhajar banki?

MoMo, kuɗin waya na MTN, da ake bugawa ta *170# ba ta bin waifai sam, ta layin sim take tafiya, don haka babu ruwanta da wannan. Haka Telecel Cash ta *110#. Manhajojin banki da WhatsApp suna aiki lafiya da jerin da Pi-hole yake zuwa da shi, wato na StevenBlack. Rikici yana farawa ne in mutum ya zaƙe ya tara jeri goma sha daga intanet don ya ga miliyoyin sunaye a shafinsa. Jeri ɗaya ko biyu masu kyau sun isa.

Abubuwa biyu za su daina aiki ko da jerin farko, a sani. Sakamakon saman binciken Google mai alamar Sponsored ba zai buɗe ba in an danna, domin ta gidan talla yake bi, sai a gangara ƙasa a danna na gaskiya. Wasan da ke cewa kalli talla ka sami lada shi ma zai tsaya, yara za su kawo ƙara. Ga sauran, danna maɓallin dakatar da toshewa na minti 5 ka sake gwadawa. In shafin ya buɗe, shiga Query Log, wato jerin tambayoyin da suka bi ta na'urar, nemi layin da aka toshe a daidai lokacin, ka ba shi izini.

Zai kare yarana daga caca da batsa?

Zai taimaka ƙwarai, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa nake ganin aikin ya cancanci wahalarsa. Dokar Gana ta hana wanda bai kai shekara 18 ba yin caca, amma tallan da ke faɗowa cikin wasan waya ba ya tambayar shekaru. Jerin StevenBlack yana da ƙari na caca da na batsa. A Pi-hole ana buɗe rukuni a sa wayoyin yara ciki, a ɗora musu jerin da ba a ɗora wa manya ba. Wayoyin zamani suna sauya lambar shaidarsu a kan waifai, don haka a kashe wannan saiti a wayar yaro don na'urar ta riƙa gane ta.

Sai dai kada ka girka ka juya baya. Yaron da ya kai JHS, wato ƙaramar sakandare, in ya sayi data ta sidi kaɗan ya kashe waifai, ya fita daga hannunka. Abin da aka turo masa a WhatsApp ko ya gani a TikTok, na'urar ba ta gani. Haɗa da Family Link na Google a wayarsa, kuma ka zaunar da shi ka gaya masa abin da ka toshe da dalili.

'Yan sakawa, wato masu damfara ta intanet, da masu damfarar MoMo fa?

Shafukan bogi da aka riga aka gano, masu cewa ka ci kyauta ko wayarka ta kamu da cuta, da tallan manhajojin bashi marasa lasisi irin waɗanda Bankin Gana ya sha gargaɗi a kansu, da yawansu za su toshe. Sabon shafin da aka buɗe jiya kuwa bai shiga jerin kowa ba tukuna. Mai kiran Mma a waya ya ce ya turo kuɗi bisa kuskure, ko ya nemi lambar sirri, wannan ba ta waifai ya shigo ba. A riƙa tuna wa tsofaffi cewa ba a ba kowa lambar sirri. In abu ya faru, hukumar tsaron intanet ta ƙasa, CSA, tana karɓar ƙorafi ta lamba 292.

Gidan haya muke, ɗaki tara muna karo-karo mu sayi data. Zan riƙa ganin abin da maƙwabta suke buɗewa?

Za ka gani, kuma ina so ka ji nauyin wannan tun kafin ka girka. Saƙonninsu da hotunansu ba za ka gani ba, amma Query Log yana nuna wace waya ta tambayi wane suna, da ƙarfe nawa. Wannan ya isa a gane wa ke neman asibitin haihuwa, wa ke neman bashi, wa ke shirin tafiya bai faɗa ba. A gidan da ake haɗa famfo ɗaya da igiyar shanya ɗaya, magana guda in ta fita ba ta komawa. Suratul Hujurat, aya ta 12, ta hana bin diddigin asirin mutane, ƙasa ma tana da dokar kare bayanai tun 2012, Act 843.

Abin da nake yi shi ne in tara 'yan karo-karo a tsakar gida in bayyana musu kafin in jona komai. Wanda bai so ba, ya sa nasa Private DNS. Sannan a sashen Privacy na Pi-hole a zaɓi matakin da ke ɓoye sunayen shafuka da na na'urori, a buɗe shi kawai in ana neman matsala. Kalmar sirrin shafin kula ta zauna hannun mutum ɗaya da gida ya yarda da shi.

Ba mu danne haƙƙin masu shafukan da ke ci da talla ba kuwa?

Tambaya ce mai nauyi. Ƙananan shafukan labarai da masu rubutu da Hausa, da yawansu tallan nan ne ɗan abin da suke samu. Kuma a nan tsarin yana da rauni: ba ya iya buɗe talla ga shafi ɗaya kawai, domin in ka ba sunan kamfanin talla izini, ka buɗe shi ko'ina. Abin da nake ganin ya dace shi ne yara da tsofaffi su zauna cikin toshewa, kai kuma in kana so ka cire kwamfutarka daga ciki, ka yi amfani da uBlock Origin, wanda ke barin ka kashe shi a shafin da kake son tallafawa. Wanda yake karɓar gudummawa ta MoMo, tura masa kai tsaye.

Zan iya amfani da na'urar gida in ina kasuwa ko kan hanya?

Za ka iya, ta WireGuard ko Tailscale, waɗanda ke haɗa wayarka da gida a ɓoye. Tailscale ya fi dacewa da masu rautar sim, domin kamfanonin waya suna haɗa mutane da yawa a adireshi ɗaya, ba a iya shigowa gida kai tsaye. Abin da ba za ka taɓa yi ba shi ne buɗe ƙofa ta 53 ga duniya a rautarka. Ɓata-gari suna farautar irin waɗannan su yi amfani da su wajen kai wa wasu hari, da datarka. Ga yawancin mutane, Private DNS ya wadatar a waje.

Intanet ya tsaya cak. Ta yaya zan san ko laifin na'urar ne?

Da zarar ka girka abin nan, duk wani tsaiko a kanka za a ɗora, don haka ka koyi rarrabewa. Duba fitilar Pi ko tana ci. Buɗe shafin kula da adireshinsa na lamba, ba da suna ba. Sannan ɗauki waya ɗaya, ka shiga saitin waifai, ka sa mata 1.1.1.1 da hannu. In ta buɗe shafi, matsalar Pi ce. In ba ta buɗe ba, daga waje ne: ko bandil ya ƙare, ko layin kamfani. Ranar 14 ga Maris 2024, cikin kwanakin farko na azumi, wayoyin ƙarƙashin teku na WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka lalace, Akra da Kumasi duka suka shiga ƙunci. Ranar mutane da dama sun zare Pi suna zarginsa.

In ya tabbata Pi ne kuma ba ka kusa, a mai da DNS na rauta zuwa Automatic, a sake kunna DHCP nata in an kashe shi, gida ya samu intanet kafin ka dawo. Rubuta matakan a takarda ka manna a bangon da rautar take. Jerin sunaye yana sabunta kansa duk Lahadi da asuba, manhajar kuwa kai za ka sabunta da umarnin pihole -up, sau ɗaya a wata biyu ya isa. Yi shi ranar da kake gida kuma akwai wuta, bayan ka sauke kwafin Teleporter.